Karkatacciyar Wuƙa Ba Mushe Ba Ce: Martani ga Mai Cewa a Jefa Ta Bola

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa ya yi kwanakin baya game da ƙirar wuƙaƙe a zangunanmu na arewacin Ghana, na kuma maimaita karatun don kada in ɗora masa abin da bai faɗa ba. Malam ya nuna kishin sana'ar, ya kuma taɓo wuraren da mu 'ya'yan maƙera ba mu cika son a taɓa mana ba. Allah ya saka masa da alheri. Sai dai akwai hukunci guda da ya yanke, wanda in aka bar shi ya bi gari, yaran da ke koyon ƙira za su yi ta kwasar guminsu suna zubarwa a bola. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Ga abin da na fahimta daga maganarsa. Ya ce wuƙar da aka ba ruwa, wato aka gasa ta ta yi ja aka tsoma ta a mai ko a ruwa don ta yi tauri, in ta fito a karkace to tata ta ƙare. In an buge ta da sanyinta za ta karye, in an mayar da ita wuta taurinta zai zube. Ya kafa hujja da karin maganar nan ta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga nan ya zarce ya ce duk miƙaƙƙiyar wuƙar da ka gani a gaban maƙerin Salaga ko Yendi ko Bawku, ɗayan biyu ce: ko sa'a aka ci, ko kuwa an faki ido an kashe mata tauri don ta miƙe. Ya rufe da ba mahauta shawarar su koma wa wuƙar kanti, wadda a ganinsa inji ke fitar da ita samɓal, babu ruwanta da karkata.

Ni a zangon Salaga aka haife ni, a gidan da ƙarar masaba ke riga hantsi fitowa. Kakanninmu na cikin waɗanda suka biyo ayarin fataken Gwanja, hanyar nan da ta taso daga Kano da Katsina, ta ratso Sansanne Mango da Yendi, ta sauka Salaga neman goro. Duk inda ayari ya yada zango kuwa, sai an nemi mai gyara gatari da linzami da wuƙa. Yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, har manyan malamai irin su Alhaji Umaru, haifaffen Kano, suka koma Kete Krachi, amma wutar maƙerarmu ba ta mutu ba. Shekara tara na yi ina jan zuga-zugi a gaban Baffana kafin boko ya ɗauke ni, kuma har yau in na je gida hannuna ba ya rabuwa da awartaki. Da wannan ɗan sanin nake magana.

Bari in fara ba Malam gaskiyarsa, don yana da ita har guda biyu. Ina ɗan shekara goma sha uku, ana saura mako guda Babbar Sallah, Baffa ya ƙera wuƙaƙen fiɗa goma sha biyu daga sifirin ɗin wata tsohuwar mota. Da aka ba su ruwa, uku suka fito da doro kamar ayaba. Ya jingine su ya tafi sallar Azahar. Ni kuwa, da rawar kan yarinta, na ɗauki ɗaya na ɗora a uwar maƙera na sakar mata masaba a tsakiyar doron. Ƙara ɗaya na ji, ƙal, wuƙa ta rabu uku, wani ɓallin ya tsaga mini haɓa. Tabon na nan, gemu ne ya rufa masa asiri. Da Baffa ya dawo bai ɗaga mini hannu ba. Ya tsince gutsattsarin ya juya su a tafinsa, ya ce, "Kai yaro, ƙarfen da ya sha ruwa fushi yake yi. Lallashinsa ake yi, ba a dukansa." Saboda haka maganar Malam cewa dukan sanyi karya wuƙa yake yi, ni shaida ne.

Gaskiyarsa ta biyu, in ka mayar da wuƙa wuta har ta yi ja, tauri ya tafi, ka koma gidan jiya. Babu mai musun wannan. Inda muka raba hanya shi ne, Malam ya ga sanyi a wannan gefe, ya ga jan garwashi a wancan gefe, sai ya ɗauka babu komai a tsakani. Tsakanin nan kuwa fili ne na sama da digiri 700, kuma a wani ɗan lungu nasa maƙera ke miƙar da wuƙa tun kaka da kakanni, kaifinta na nan yadda yake.

Kafin a gane lungun, sai an san mene ne taurin kansa. Ƙarfen da ke yin wuƙa baƙin ƙarfe ne da ɗan sinadarin gawayi a jikinsa, wanda masana ke kira kabon. A sifirin ɗin mota kabon ɗin wajen kashi 6 ne cikin 1,000, a tsohon magagari kuwa yakan kai kashi 1 cikin 100 ko ya ɗan haura. In aka gasa ƙarfen ya wuce digiri 800 a ma'aunin salsiyos, kabon ɗin sai ya bazu cikin jikinsa kamar gishiri a miya. Alamar da maƙeri zai gane ya kusa kaiwa ita ce mayen ƙarfe ya daina kama shi, abin da ke faruwa a digiri 770. In aka bar ƙarfen ya huce sannu a hankali, kabon ya koma mazauninsa, ƙarfe ya yi laushi. In kuwa aka tsoma shi farat ɗaya, kabon bai sami sukunin komawa ba, sai ya maƙale a inda yake ya takure ƙwayoyin ƙarfen. Wannan takurar ita ce tauri, ita ce kuma fushin da Baffa ke nufi. Masana sun raɗa wa wannan yanayi suna matensait, don tunawa da wani masani Bajamushe, Adolf Martens.

Karkatar ma daga nan take tasowa. Ƙarfe yana ɗan kumbura sa'ad da yake rikiɗa zuwa wannan yanayi. In gefe ɗaya ya riga ɗan'uwansa hucewa, ko ya fi shi kauri, ko ya fi shi shan wuta, sai su yi ta ja-in-ja, wanda ya fi ƙarfi ya janye wuƙar ɓangarensa. Maƙeran takobi a Japan da gangan suke cin moriyar wannan halin: sukan shafe gadon bayan takobi da yumɓu mai kauri, su bar bakinsa da ɗan kaɗan, in an tsoma sai baki ya yi tauri, takobin ya lanƙwashe da kansa ya yi wannan siffa da aka san shi da ita. Ashe karkata ba alamar jahilcin maƙeri ba ce, halin ƙarfe ne.

To, babu maƙerin kirki da ke miƙa wa mahauci wuƙa yadda ta fito daga mai. A lokacin taurinta irin na kwalba ne, ko faɗuwa ta yi a kan siminti tana iya darewa. Dole a sake ɗumama ta, tsakanin digiri 180 da 230, na awa ɗaya ko biyu, don fushin ya sauka. Wannan shi nake kira gashin lallashi. A ma'aunin Rokwel da masana'antu ke auna tauri da shi, wuƙar da ta fito daga tsomi takan kai 62 zuwa 65, bayan gashin lallashi ta sauko wajen 58 zuwa 61, kuma a nan ake son ta. Ga tambayata ga Malam: in kowace wuta kashe tauri take yi, yaya za mu yi da wannan gashin da duk wuƙar kirki a duniya sai ta bi ta cikinsa, har da ta kantin da yake yabo?

Ƙa'idar mai sauƙi ce, kuma ita ce ƙashin bayan wannan martani. Taurin wuƙa yana bin zafi mafi girma da ta sha bayan tsomi. Wuƙar da aka lallasa a digiri 200, ko sau uku ka mayar da ita digiri 200, abin da za ta rasa bai kai mai yanka ya ji shi a hannunsa ba. Amma ka kai ta digiri 350 sau ɗaya tak, ta tashi daga wuƙa ta koma sifirin. Wuta ba laifi gare ta ba, wuce iyaka ne laifin.

Yanzu ga ƙofofin gyara, ɗaya bayan ɗaya. Ta farko tana buɗewa ne tun wuƙa ba ta gama hucewa daga tsomi ba, kuma a nan karin maganar Malam ta juya ta zama tawa. Ƙarfen sifirin ba ya fara yin taurin nan sai zafinsa ya sauko ƙasa da wajen digiri 300. In ka tsoma wuƙa a mai, ka ƙirga takwas zuwa goma, ka zaro ta tana hayaƙi, iccen nan ɗanye ne sharaf. Kana da abin da bai kai minti ɗaya ba. Ka ɗaga ta ka hango ta daga ƙota zuwa tsini kamar mai saita bindiga, in ka ga doro ka danne shi da hannu cikin tsumma mai kauri, ko ka matse ta tsakanin miƙaƙƙun katakai biyu ka taka. Da zarar ka ji ta fara yi maka gardama, ka sake ta. Masu ƙera magagari a Shefil ta Ingila haka suka riƙa yi: su zaro magagari daga ruwan gishiri bai gama hucewa ba, su miƙar da shi tsakanin sandunan ƙarfe biyu. Magagari kuwa ya fi yawancin wuƙaƙe tauri. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, amma ba kullum zafin ke nufin ja ba.

In wannan ƙofa ta rufe, akwai ta biyu, wadda Baffa ya ceci sauran wuƙaƙen nan biyu da ita a ranar da na tsaga haɓata. Ya sa na aro kaskon suyar gyaɗa na Goggo, muka cika shi da yashi muka ɗora a wuta. Ya fara binne wuƙaƙen a yashin na ɗan lokaci don kaifin fushinsu ya karye. Sannan ya ɗauko wani shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai kauri, ya kifa wuƙa a kansa, doronta na kallon sama. Ya sa ƙwandala ɗaya a ƙarƙashin tsini, ɗaya a ƙarƙashin wutsiyar da ke shiga ƙota. Ya ɗora wani guntun ƙarfe a kan doron ya ɗaure shi da noti, yana matsawa kaɗan-kaɗan tun wuƙar na da zafi, har doron ya sauka ya ɗan wuce miƙe, ya leƙa ɗaya gefen. Haka ya mayar da ita cikin yashi a ɗaure, muka yi ta juya yashin fiye da awa ɗaya, aka sauke, aka bar ta ta huce a ɗaurenta. Da aka kwance, ɗaya ta miƙe sarai. Ɗayar ta rage saura kaɗan, aka ƙara mata ƙwandala aka sake zagaye. Mahaucin da ya sayi ta biyun ya yi shekaru yana fiɗa da ita, har washi ya cinye ta ta koma kamar tsinke.

Babu tsafi a cikin wannan. A zafin gashin lallashi ƙwayoyin kabon na motsi suna neman wurin zama, takurar da ke cikin ƙarfen na sassautawa. In a lokacin an riƙe shi a wata siffa, a kanta zai huce. Dalilin ɗan wuce miƙe da ake yi shi ne, in an kwance sai ya ɗan ja da baya. An fi samun nasara a gashin farko da na biyu, sa'ad da ƙarfen bai gama zama ba. Mai teburin makanike yana iya yin irin wannan da ƙusoshi uku a cikin mamatsi, biyu a gefen da ya lotsa, ɗaya a kan doro, ya matsa a hankali tun wuƙar na da zafin gashi.

Na san abin da Malam zai ce: ina maƙerin zango zai sami ma'aunin zafi da zai nuna masa digiri 200? Ai yana kewaye da shi. Man da mai ƙosai ke suya da shi yana tsakanin digiri 170 da 190 a lokacin da ƙosai ke yin ja ba tare da ya ƙone ba. Tandar burodi zafinta na wajen digiri 200 zuwa 230. A Bawku na ga wani dattijon maƙeri da ya ƙulla yarjejeniya da maƙwabciyarsa mai gidan burodi: in ta kwashe gashin ƙarshe, sai ya tura yaronsa da ɗaurarrun wuƙaƙe a zura a tandar, shi kuma ya riƙa wasa mata wuƙaƙenta kyauta. Dogayen wuƙaƙe ne sirara na masu tsire da balangu, irin waɗanda suka fi kowace wuƙa saurin karkata, kuma ranar kasuwar Bawku, wadda ke ci duk bayan kwana uku, ba ya komawa gida da ko ɗaya.

Ban da wannan, ƙarfen kansa yana faɗa maka zafinsa in ka goge shi ya yi fari kafin ka ɗumama shi. Wajen digiri 220 zai yi launin busasshiyar ciyawa. Ya ƙara kaɗan ya koma ruwan zuma. Wajen 260 ya yi ruwan goro, ya bi ta shunayya, a 300 ya yi shuɗi kamar an tsamo shi daga marina. Bakin wuƙa iyakarsa ciyawa zuwa zuma. Mutumin Salaga ba ya bukatar a koya masa launin goro, to in ya gan shi ya sauko kan kaifi, ya san ya fara wuce gona da iri. Abin lura kawai shi ne, daɗewa a wuta na ƙara duhun launin ko da zafin bai ƙaru ba, maiƙo kuma na ɓata shi, don haka a goge wuƙa tas.

Ƙofa ta uku a Yendi na fi ganin ta, garin Ya Na, inda na yi wata biyu wurin wani abokin Baffa. Shi ba ya tsoma wuƙa gaba ɗaya. Yana da wani dogon kwano marar zurfi, mai a cikinsa bai wuce kaurin yatsa biyu ba. Bakin wuƙar kaɗai yake nutsawa, gadon bayan ya huce a iska. Baki ya yi tauri, baya ya zauna da laushinsa. Irin wannan wuƙa in ta karkace, bayan gashin lallashi yakan ɗora ta a kututture ya bubbuga gadon bayan da gudumar icce, ta miƙe, ba ta ce uffan ba. Wanda ya riga ya tsoma wuƙarsa duka ma yana iya bin wannan hanya ta baya: ya nutsa kaifin a ruwa ko a jiƙaƙƙen yashi, ya ɗora jan ƙarfe mai zafi a kan gadon bayan daidai wurin doron har wurin ya yi shuɗi, ya danna a hankali. Ruwan na tsare kaifi. Bayan wuƙa dai ba shi ke yanka ba, laushinsa ma ƙarin ƙarko ne. Maƙeran wuƙar girki a garin Sakai na Japan, da yake sukan haɗa ƙarfe mai tauri da mai laushi a wuƙa ɗaya, da sandar katako mai tsaga suke miƙar da nasu.

Ƙofa ta huɗu ita ce za ta fi ba Malam mamaki, don duka ce, kuma da sanyi. Amma ba irin dukana na yarinta ba. Ni doron na buga ina son ya kwanta. Gwani kuwa, bayan an gama gashin lallashi, yakan kwantar da wuƙar doronta na taɓa uwar maƙera, gefen da ya lotsa na kallon sama, ya sami ƙaramar guduma mai ɗan tsinin da ya fi wuƙar tauri, irin ƙarfen nan da ke bakin abin huda bangon siminti, ya riƙa ɗan ƙwanƙwasa cikin lotsawar, tik, tik, tik. Kowane bugu na buɗa fatar ƙarfen kaɗan. Gefen da ya lotsa dama shi ne gajere, in ya ƙara tsawo sai wuƙa ta miƙe da kanta. Babu wuta ko kaɗan, saboda haka babu zancen zubewar tauri. Illarsa ɗigo-ɗigon tabo da sai an goge, da kuma cewa ba a kusantar kaifi. Da irin wannan ƙwanƙwasa masu gyaran zarto a Shefil suka riƙa daidaita faifan zarto bayan an ba shi ruwa, har ta zama sana'a mai zaman kanta.

Wannan ya kawo mu kan wuƙar kanti. Malam na zaton ƙarfen Turai ba ya karkata. Ƙarfe ai bai san fasfo ba. A masana'anta ma wuƙa tana fitowa daga tsomi a karkace, shi ya sa suke tsoma wasu a matse tsakanin faranti biyu, suke gasa wasu a ɗaure cikin maƙalai, suke kuma da ma'aikatan da ke duba su suna miƙarwa kafin a goge. Abin da Baffa ya yi da ƙwandala da kaskon gyaɗa shi suke yi da injin miliyoyi. Shigowar ƙarfen waje ma ba yau ta fara ba. Lokacin da matafiyin nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana shigo da takubban Solingen ta Jamus ta hanyar Sahara, a yi musu ƙota da kube a Kanon. Duk da haka maƙerar Kano ba ta rufe ba, ta Salaga ma haka. Ban hana kowa sayen wuƙar kanti ba, akwai masu kyau a cikinsu. Amma kada a saye ta bisa hujjar da ba ta tsaya ba.

Saura zargin nan cewa miƙaƙƙiyar wuƙar maƙeri an kashe mata tauri ne a ɓoye. Ba na musun akwai wuƙaƙe masu laushi a kasuwanninmu, waɗanda in sun gamu da ƙashi bakinsu ke naɗewa. Amma Malam ya kama ɓarawon da ba shi ba ne. Mafi yawansu ba su taɓa yin tauri ba balle a kashe shi. Da rodin gini aka ƙera su, ko da guntun falankin ƙarfe, ƙarfen da kabon ɗinsa bai isa ba, wanda ko a ruwan ƙanƙara ka tsoma shi ba zai yi taurin wuƙa ba. Ga tama jibge a Sheini, gabas da Yendi, amma maƙerinmu abin da ya samu a wurin 'yan gwangwan ko aka kawo daga Suame ta Kumasi da shi yake aiki, kuma in sifirin ya yi tsada wasu sukan zame su koma rodi. Wannan ha'inci ne, in Malam zai yi yaƙi da shi ina bayansa. Gane shi kuma ba wuya: ka goga sabon magagari a bakin wuƙa. In ya zame yana ƙara kamar an goga a kwalba, ko ya ɗan kama da ƙyar, wuƙa ce. In ya nutse yana fitar da gari, rodi ne, ko miƙaƙƙe ko karkatacce.

Ba kuma na cewa kowace wuƙa tana gyaruwa. Wadda ta tsage a tsomi ta tafi, ko tsagar ta kai siririn gashi. Hanyoyinmu, daga Salaga zuwa Bimbilla, daga Yendi a haura Nakpanduri a gangara Bawku, suna karya sifirin, kuma wanda ya karye a hanya yakan zo da ɓoyayyun tsagogi da sai a cikin mai suke bayyana. Wadda ta murɗe kamar igiya, ko bakinta ya yi tudu da kwari saboda an sirantar da shi da yawa kafin tsomi, gyaranta ya fi ƙirarta wuya. Irin waɗannan sai a koma farko: a gasa ta yi ja, a miƙar, a bar ta ta huce a iska sau biyu ko uku, a sake ba ta ruwa. Ko wannan ba jefarwa ba ce, sai dai kowane zagaye na cin fatar ƙarfen, don haka ba a yawaita shi. Kuma in karkatar ba ta wuce a goge ta a dutse ba, a goge kawai, kada garin neman gira a rasa ido.

Da Malam ya karkata alƙalaminsa ga rigakafi, da mun haɗu a hanya ɗaya. A daidaita kaurin gefe biyu. A bar bakin wuƙa da ɗan kauri kamar na ƙwandala kafin tsomi, a ƙarasa washi daga baya. A huce ta a iska sau biyu ko uku bayan an gama bugu, don gajiyar masaba ta fita daga jikinta. A riƙa juya ta a garwashi, kada gefe ɗaya ya fuskanci bakin zuga-zugi shi kaɗai. A ɗumama man tsomi kaɗan, a shigar da wuƙa a miƙe, a motsa ta gaba da baya kamar mai yanka, ba hagu da dama kamar mai fifita ba. Kada a tsoma sifirin a ruwan sanyi, mai yake so. Kada kuma a ajiye wuƙar da ta fito daga mai a kan uwar maƙera mai sanyi. Wanda ya kiyaye waɗannan, karkatattunsa za su ragu ƙwarai, amma ba za su ƙare ba.

Abin da ya sa na tsawaita shi ne, maganar ba ta tsaya a kan ƙarfe ba. Wuƙa guda ta ci gawayi, ta ci sifirin, ta ci yinin mutum biyu, mai bugu da mai zuga. In aka gaya wa yaro mai koyo cewa duk wadda ta karkace asara ce, ɗayan biyu zai yi: ko ya zubar da ribarsa, ko ya ji tsoron tsomin kirki ya riƙa ba wuƙa ruwa sama-sama don kada ta karkace. Na biyun shi ne zai cika kasuwa da wuƙaƙe masu laushin da Malam ke kuka da su. Ranar layya kuwa, addininmu ya umarce mu da mu wasa wuƙa mu hutar da dabba, kuma wuƙar da ba ta riƙe kaifi ba za ta cika wannan umarni ba.

Malam, in Allah ya kawo ka Salaga, ka taho da sabon magagari da wuƙar kantin da ka fi amincewa da ita. Za mu ba wuƙa ruwa a gabanka, in ma ba ta karkace ba mu sa ta karkace da gangan, mu ɗaure ta da ƙwandala biyu mu binne a yashi, kai kuma ka sha furarka. In ta huce, ka goga magagarinka a bakinta, ka goga a bakin taka, sannan ka rubuta abin da hannunka ya ji. Ku kuma yaran maƙera na Salaga da Yendi da Bawku, in wuƙa ta fito muku da doro, kada ku buge doron da sanyi, kada ku mayar da ita ja, kada kuma ku jefar. Ku ɗaure ta, ku lallashe ta a zafin da bai wuce ruwan zuma ba. Allah ya yi wa sana'a albarka.